Neman shawara: ƙera agogon lilo mai aiki da nauyi a ɗakin aikin gida, ba tare da injin milin ba

Mai Gurza, Tudun Wada

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina neman shawarar manya da masana a kan wani aiki da na daɗe ina son sa hannu a kansa, wato ƙera agogon tsaye mai lilo, irin wanda nauyi ke ja, wanda ba ruwansa da batir ko wutar lantarki. Sana'ata gurzar ƙarfe ce, kuma yawancin abin da ke zuwa hannuna shi ne bushi da shaf da fuli na injinan niƙa da na ban ruwa, saboda haka riƙe ma'auni har zuwa kashi 2 cikin 100 na milimita ba baƙon abu ba ne a wurina. Sai dai ban taɓa yanka haƙora ƙanana irin na agogo ba, kuma na san cewa faifan da zai yi shekaru yana juyawa da ɗan ƙarfin da nauyi ke ba shi yana da nasa sharuɗɗan dabam da na giyar injin niƙa.

A bayan gida ina da ɗan ɗakin aiki, a cikinsa akwai ƙaramin injin gurza da ke ɗaukar abu mai faɗin milimita 180, da injin huda na kan tebur, da garanda, da baniya da maikiromita da magagarai iri-iri. Ba ni da injin milin, ba ni kuma da na'urar raba da'ira, amma cikin giyoyin yankan zare na injin gurzar akwai mai haƙora 60. Abin da nake so shi ne agogo mai nuna awa da minti da sakan, wanda za a riƙa ɗaure shi sau ɗaya a mako, ba sai yana buga ƙararrawa ba.

Babbar damuwata ita ce lissafin haƙora da yadda zan raba su daidai da kayan da nake da su. Bayan wannan akwai batun tagulla, domin abin da na fi gani a Panteka shi ne tsofaffin kawunan famfo da guntayen bushi da ake narkawa a yi zubi, ban kuma tabbata ko tagullar zubi za ta yi haƙoran agogo ba. Sannan ina tunanin yanayinmu na Kaduna, inda ƙurar hunturu ke shiga ko'ina, zafin bazara ya biyo baya, damina kuma ta zo da laima mai kumbura ƙofofin katako. Wanda duk ya taɓa irin wannan aiki, ko ya san iliminsa, ina roƙon ya taimaka mini da abin da ya sani. Allah ya saka da alheri.

Tsohon Malamin Fasaha, Unguwar Rimi

Wa alaikumus salam. Ɗana, na yi farin ciki da wannan tambaya, kuma tun farko ina so ka kwantar da hankalinka cewa kayan da ka lissafa sun isa, domin maƙeran Ingila da suka yi agogunan tsaye a ƙarni na 18 ba su da injin da ya kai naka.

Lissafin yana farawa ne daga lilo, ba daga haƙora ba. Idan ka zaɓi lilon da ke ɗaukar sakan ɗaya daga gefe zuwa gefe, wanda tsawonsa ya kusa mita guda, to faifan ƙarshe, wanda ƙugiya, wato ɗan ƙarfe mai farata biyu da ke motsi tare da lilo, ke kamawa tana saki, zai zama mai haƙora 30. Dalili shi ne kowane haƙori yana wucewa ne bayan lilon ya je ya dawo, wato sakan biyu, don haka haƙora 30 suna ba da sakan 60, faifan ya zagaya sau ɗaya a minti, ka ɗora hannun sakan a kan shaf ɗinsa kai tsaye. Shaf ɗin tsakiya mai ɗauke da hannun minti kuwa sau ɗaya zai zagaya a awa, saboda haka tsakaninsa da faifan ƙarshe ana buƙatar ninki 60. Tsohon lissafin da aka saba da shi shi ne faifan tsakiya mai haƙora 64 ya tura finiyan, wato ƙaramar giya, mai 8, wanda ya ba da ninki 8, sannan faifai na uku mai haƙora 60 ya tura wani finiyan mai 8, wanda ya ba da ninki bakwai da rabi, kuma 8 sau bakwai da rabi 60 ke nan cif. A ƙasan wannan sai babban faifai mai haƙora 96, wanda ke haɗe da gangar igiya, ya tura finiyan mai 8 da ke kan shaf ɗin tsakiya, don haka gangar tana zagayawa sau ɗaya cikin awa 12. Idan igiya ta naɗe gangar sau 16, ka sami awa 192, wato kwana takwas, mako guda da rarar yini ɗaya saboda ranar da aka manta. Ganga mai kaurin milimita 50 za ta ci igiya kimanin mita biyu da rabi, amma idan ka rataya nauyin a kan fuli ka maido bakin igiyar sama, saukar nauyin za ta ragu zuwa rabin haka, sai dai nauyin da ake buƙata zai ninka. Na hannun awa ba shi da wahala: ragi ne na 12, kuma 10 da 30 tare da 8 da 32 suna ba da shi.

Game da girman haƙori, ina ba ka shawara ka ɗauki modul 1, wato kowane haƙori ya ci milimita ɗaya na faɗin da'irar haɗuwa. Da haka faifai mai 96 zai zama milimita 96 a da'irar haɗuwa, wanda injinka zai ɗauka ba tare da matsala ba, kuma tazarar da ke tsakanin shaf biyu ita ce jimlar haƙoransu a raba biyu: 52 tsakanin babban faifai da na tsakiya, 36 tsakanin na tsakiya da na uku, 34 tsakanin na uku da na ƙarshe. Agogunan kanti sun fi wannan ƙananan haƙora, amma babban haƙori yana yafe ɗan kuskuren da ƙarami ba zai yafe ba, kuma ido yana ganin abin da ke faruwa a wurin haɗuwar.

Kada ka sayi wuƙaƙen yankan giya na injina da nufin wannan aiki. Siffar haƙorin da suke fitarwa an tsara ta ne domin giyoyi masu ɗaukar ƙarfi, jerin nasu daga haƙora 12 yake farawa, kuma idan haƙoran finiyan suka gaza 17 ko makamancin haka gindin haƙorin yakan zaizaye ya raunana. Haƙorin agogo yana da gefe miƙaƙƙe a ƙasa da kai mai lanƙwasa kamar bakan gini, kuma wuƙar da za ta fitar da shi kai ma za ka iya ƙera ta da baki ɗaya tak, daga guntun tsohon magagari. Ka gasa shi ya yi ja, ka binne shi cikin toka mai zafi ya huce a hankali domin ya yi laushi, ka fitar masa da siffar ramin da ke tsakanin haƙora biyu, sannan ka sake gasa shi ya yi ja ka tsoma a ruwa, ka goge shi ya yi fari, ka ɗumama shi kaɗan har launin kara ya bayyana. Irin wannan wuƙa tana son gudu sosai, kuma a kan tagulla take aiki, ba ta jure yankan ƙarfe. Wannan ne ya sa nake ganin finiyan ɗinka su zama irin na keji: ƙananan fayafayan tagulla biyu da aka huda tare, aka jera siraran sandunan ƙarfe takwas a tsakaninsu, kowace mai kaurin da bai wuce milimita 1.1 zuwa 1.3 ba. Ana yin su da injin huda da farantin rabo kawai, suna aiki lafiya muddin faifai ne ke tura su, kuma datti yana faɗuwa ta tsakanin sandunan maimakon ya taru.

Yanzu batun rabo. Giyarka mai haƙora 60 za ta ba ka 60 da 30 da 10 idan ka ɗaura ta a bayan shaf ɗin injin ka yi mata harshe mai sifirin da zai riƙa shiga tsakanin haƙora, amma ba za ta ba ka 64 ko 96 ba. Ko da ka je wurin mai na'urar rabo ta 40 a kan 1, ka duba farantinsa tukuna: 64 yana fita da rami 10 a da'irar 16, 60 da rami 10 a da'irar 15, amma 96 yana buƙatar da'ira mai rami 24 ko wani ninkin 12, kuma faranti uku da aka saba samu a irin na kamfanin Brown & Sharpe ba su da ita. Mafita mafi sauƙi ita ce ka yi naka farantin. Ka sami siririn ƙarfen ɗaure kaya, ka yi ɗan ma'auni mai rami biyu, ka riƙa sa ƙusa a ramin farko kana huda ta na biyu har ka sami ramuka 97 masu tazara ɗaya, sannan ka gurza faifan katako mai kauri kaɗan-kaɗan har sai ƙarfen ya zagaye shi ramin farko ya hau kan na ƙarshe daidai. Faifai mai 96 zai ba ka 32 da 8 ma, na 64 kuwa sai ka yi masa nasa ta wannan hanya. Amfanin yin farantin da girma shi ne kuskuren yana raguwa gwargwadon bambancin girman: kuskuren milimita 0.2 a bakin faranti mai faɗin milimita 300 yana komawa kimanin 0.04 a bakin faifai mai haƙora 64.

Tagullar zubi kuwa, da ita magabata suka yi aiki, amma sai da suka buge ta da guduma ta daddale ta yi tauri kafin su goge. Matsalar ta kawunan famfo ita ce ƙananan ramukan iska da ba a gani sai wuƙa ta kai kansu, kuma rami ɗaya a gindin haƙori ya ɓata faifai gaba ɗaya. Idan ka sami farantin tagulla na masu rubutun allon ofis, wanda ke da ɗan dalma a cikinsa kimanin kashi 2 cikin 100, shi ne ya fi, domin yana yankuwa ƙus-ƙus ba ya naɗe wuƙa. Milimita 3 ya isa babban faifai, 1.5 zuwa 2 ya isa sauran. Tagullar zubi ka bar ta ga ginshiƙai da ganga da fuli.

Mai Gyaran Agogo, Kasuwar Barci

Sannu da ƙoƙari, Malam. Baba ya gama magana a kan haƙora, ni kuwa zan yi magana a kan wuraren da agoguna ke mutuwa, domin su ne ke zuwa teburina.

Na lura Baba bai faɗi irin ƙugiyar da za ka yi ba, kuma na san masu karatu da yawa za su ce ka yi irin ta George Graham, maƙerin agogo na Ingila, wadda ya yaɗa wajen shekarar 1715, inda hannun sakan ke tsayawa cak bayan kowane bugu. Ita ce ta fi daidaito, ba musu, amma ni ban goyi bayan ka fara da ita ba. Tsohuwar ƙugiya ta wajen 1670, wadda ke ɗan tura faifai baya a ƙarshen kowane lilo, ta fi haƙuri da ƙananan kurakurai: idan haƙori ɗaya ya ɗan fi ɗan'uwansa tsawo, ko ƙarfin da ke isowa ya ragu saboda datti, za ta ci gaba da tafiya. Irin ta Graham kuwa, idan haƙori ya sauka a kan gangaren turi maimakon fuskar kulle, aikin ya lalace, kuma bakin haƙoranta siriri ne ƙwarai, lanƙwasa shi ba wuya. Duk wadda ka zaɓa, ga faifai mai haƙora 30 a sa ƙugiyar ta rungumi haƙora bakwai da rabi, wato kwata na da'ira, sai tazarar shaf ɗin ƙugiya daga na faifai ta zama rabin faɗin faifan sau 1.414. Ka zana ta a takarda da girma ninki biyar, ka fitar da samfuri da gwangwani ka gwada a kan faifan da ka riga ka yanka, sannan ka taɓa ƙarfe. Faratan ƙugiya biyu su kaɗai za ka taurara, ka bar su da cikakken taurinsu, ka goge su har ka ga fuskarka a ciki. Ɗan faɗuwar da haƙori ke yi kafin ya sauka a kan farce, a yi ta ƙanƙanuwa gwargwadon iko kuma iri ɗaya a ɓangarorin biyu, domin duk ƙarfin da ya tafi a wannan faɗuwa asara ce.

Abu na biyu shi ne bakin shaf da ke juyawa cikin ramin faranti, wato ɗaya daga cikin faranti biyun da ke riƙe da fayafayan agogon a tsakaninsu. Kai da ka saba da injin niƙa za ka so ka yi shi da kauri, to kada ka yi. A faifan ƙarshe da na uku milimita ɗaya zuwa ɗaya da rabi ya wadatar, domin gogayya tana ƙaruwa da kauri, kuma ƙarfin da ke isa can sama ɗan mitsitsi ne: abin da gangar ke bayarwa an riga an raba shi sau 720 kafin ya kai faifan ƙarshe. Ka taurara shaf ɗin ka maido shi zuwa launin shuɗi, ka goge bakin da dutse mai laushi, ka bi shi da santsin ƙarfe mai tauri har ya yi sheƙi. Faranti biyun a ɗaure su tare a huda su a lokaci ɗaya, kuma kada ka dogara da lissafin tazara kaɗai: ka ɗora faifai da finiyan a kan ma'auni mai tsini biyu, ka matso da su kana juyawa da yatsa har ka ji sun tafi sumul, sannan ka ɗauki wannan tazara ka sa a faranti. Gwajin da nake yi shi ne in sa shaf ɗaya tsakanin faranti biyu in kifa su; idan ya faɗo daga wannan gefe zuwa wancan da nauyin kansa har na ji ɗan ƙas, to ya sami sararin da yake buƙata.

Batun ƙura da ka ambata gaskiya ne, kuma shi ne babban abokin gabarmu a nan. Ba a sa wa haƙoran agogo mai ko kaɗan. Bakin shaf da faratan ƙugiya kawai ake ɗiga wa, da tsinin allura, kuma man agogo na ainihi, ba baƙin mai ba, ba man gyaɗa ba wanda ke daskarewa ya zama danƙo. Abin da na sha gani da idona shi ne shaf ɗin ƙarfe mai tauri ya cinye ya yi wuya, alhali ramin tagullar da yake ciki bai kai shi lalacewa ba, saboda ƙurar da ta haɗu da mai takan nutse cikin tagulla mai laushi ta zauna daram, ta riƙa goge ƙarfen dare da rana. Don haka akwatin agogon ba ado ba ne kawai. A yi masa ƙofa mai kama jiki da tsumma mai laushi a bakinta, a toshe duk wata kafa ta baya, kuma kada ka bar shi yana aiki tsirara a ɗakin da garanda ke ciki.

Mai Gurza, Tudun Wada

Baba da Malam, Allah ya ƙara girma, na gode ƙwarai. Dabarar ƙarfen ɗaure kaya ta warware mini abin da ya fi tsaya mini a rai, kuma na karɓi shawarar finiyan irin na keji. A kan ƙugiya zan bi maganar Malam in fara da mai haƙurin, amma zan yi gadar da ke riƙe shaf ɗinta ta yadda za a iya ɗaga ta ko sauke ta kaɗan, domin in sami damar gwada ɗaya irin daga baya a kan faranti guda.

Saura sandar lilo. Ina da zagayayyen ƙarfe mai kaurin milimita 8, ina kuma da busasshen katakon maɗaci da ya daɗe a ajiye, akwai kuma sandar tagulla wadda ta fi su kyan gani. Wanne ya fi dacewa da yanayinmu, kuma tsawon nawa zan yanka? Na ga ana rubuta milimita 994, amma ban san ko daga ina zuwa ina ake aunawa ba.

Malamar Kimiyya, Malali

Assalamu alaikum. Malam, ni ba maƙeriya ba ce, darasin kimiyyar lissafin motsi nake koyarwa, amma tambayarka ta ƙarshe ta faɗo cikin abin da na sani, kuma ina ganin a nan ne daidaiton agogonka zai tabbata ko ya rushe, domin fayafayan ƙirga bugu kawai suke yi, lilon ne ke yanke tsawon kowane bugu.

Milimita 994 da ka gani lissafin Landan ne. Lokacin lilo ya dogara ne da tsawonsa da kuma ƙarfin jan ƙasa, shi kuwa wannan ƙarfi yana raguwa idan aka kusanci layin tsakiya da ya raba duniya arewa da kudu ko aka hau tudu. Kaduna tana kimanin digiri goma da rabi arewa da layin tsakiya, tana kuma bisa tudun da ya kai wajen mita 600, don haka jan ƙasa a nan kusan 9.78 ne, a Landan kuwa 9.81, kuma lilon sakan ɗaya a garinmu zai zama kimanin milimita 991. Bambancin ya yi kama da ƙarami, amma agogon da aka daidaita a Landan idan aka kawo shi nan ba a taɓa shi ba zai riƙa yin baya da fiye da minti biyu kowace rana. Wannan shi ne abin da Jean Richer, masanin taurari ɗan Faransa, ya gani a 1672, lokacin da agogonsa na Faris ya riƙa yin baya da kusan minti biyu da rabi a yini a Kayen da ke Kudancin Amurka, shekara 16 kacal bayan Christiaan Huygens ya ƙera agogon lilo na farko a 1656. Ana auna tsawon ne daga inda sifirin ratayar ke lanƙwasa zuwa kusan tsakiyar dunƙulen nauyin da ke ƙasa, amma tun da sandar ma tana da nata nauyin, ainihin wurin yana ɗan sama da tsakiyar, saboda haka ka yanka sandar da rara, ka yi mata zare mai tsawo a ƙasa, noti ya ƙarasa aikin. Milimita ɗaya na tsawo yana sauya tafiyar agogon da sakan 43 a yini, wanda ke nufin cewa a zaren milimita 6 na yau da kullum, zagaye ɗaya na noti sakan 43 ne. Idan ka yi notin da faɗi ka tsaga bakinsa gida 43, kowane gida sakan ɗaya ne a yini.

Sandar tagulla ka ajiye ta gefe duk da kyanta. Tagulla tana miƙewa da kimanin kashi 19 cikin miliyan a kowane digiri na zafi, ƙarfe kuwa kimanin 11 da rabi, wanda a lissafin agogo ya zama baya da sakan 0.8 a yini ga tagulla, rabin sakan ga ƙarfe, a kowane digiri ɗaya. Idan zafin cikin ɗaki ya bambanta da digiri 10 tsakanin Janairu da Afrilu, sandar ƙarfe za ta jawo bambancin sakan 5 a yini, wato fiye da rabin minti a mako. Wannan matsala ce ta sa Graham ya yi lilo mai tulun zaiba a 1721, John Harrison kuma ya jera sandunan ƙarfe da na tagulla suna soke miƙewar juna bayan 'yan shekaru, har zuwa 1896 da Charles Guillaume ya gano gamin ƙarfe mai kashi 36 cikin 100 na nikel, wanda ake kira Invar, da kusan ba ya miƙewa. Katako ta tsawonsa bai kai rabin ƙarfe miƙewa da zafi ba, shi ya sa ake yabonsa a littattafan Turai, kuma idan aka ɗora masa dogon dunƙulen dalma mai tsayin kimanin santimita 30 wanda ke zaune a kan noti ta ƙasa, miƙewar dalmar zuwa sama tana kusan soke ta katakon.

Duk da haka, a Kaduna ni ƙarfe zan zaɓa. Laimar iskarmu tana sauka ƙasa ƙwarai a tsakiyar hunturu ta kuma haura sosai a watan Agusta, kuma katako, ko an shafe shi da fenti ko banish, yana shan wannan laima a hankali ya sake ta a hankali, ya ƙara nauyi, wani lokaci ya ɗan karkace, ta hanyar da ba za ka iya lissafa ta ba. Kuskuren ƙarfe kuwa sananne ne, yana bin ma'aunin zafi sau da ƙafa, kuma gida biyar na noti a farkon bazara da biyar a farkon hunturu sun magance shi.

Akwai wani abin da ya shafi muhawarar ƙugiya. Lilo ba ya ɗaukar lokaci ɗaya daidai idan faɗin lilonsa ya sauya: wanda ke kaiwa digiri 2 kowane gefe yana baya da kimanin sakan shida da rabi a yini idan aka kwatanta da mai ƙanƙanin faɗin lilo, wanda ke kaiwa digiri 3 kuwa kusan sakan 15. Ba girman wannan adadi ne abin damuwa ba, tun da noti zai share shi, sauyawarsa ce matsala, kuma tana sauyawa ne duk lokacin da mai ya yi kauri ko ƙura ta rage ƙarfin da ke isowa. Saboda haka dunƙule mai nauyi, kilo 3 zuwa 5, da ƙaramin faɗin lilo sun fi dunƙule marar nauyi mai faɗin lilo. Kafin ka yanka haƙori ko ɗaya, ina ba ka shawara ka rataya lilon shi kaɗai a bango, ka tura shi, ka ƙirga bugunsa da agogon waya, ka kuma ga tsawon lokacin da zai ɗauka kafin faɗin lilon ya ragu zuwa rabi. Idan ya mutu da wuri, maratayin ne ke motsi yana shanye ƙarfin.

Tsohon Malamin Fasaha, Unguwar Rimi

Malama ta yi bayani mai gamsarwa, kuma na yarda da ita a kan sandar ƙarfe, ko da yake da a ce agogon zai zauna a ɗaki mai rufin kwano ba silin, inda zafin rana da sanyin asuba ke da nisa a yini guda, da na sake duba maganar maɗacin. A kan ƙugiya ma ban saɓa wa Malam mai gyara ba, sai dai in ƙara cewa ranar da ka koma irin ta Graham dole ka ƙara wa babban faifai dabarar Harrison, wato faifan ƙarin haƙoran kulle da ɗan sifirin da ke ci gaba da tura agogon yayin da kake ɗaure shi, domin idan ƙarfi ya yanke lilon yana tafiya, faratan na iya cin karo da bakin haƙoran su lanƙwasa su. Ka bar wa wannan faifai wuri a kan shaf ɗin ganga tun yanzu, milimita 5 ya isa.

Sifirin rataya ka yanke shi daga fila-gejin da makanikai ke auna bawul da shi, mai kaurin milimita 0.10 zuwa 0.15, ka huda shi da fanci a kan dalma maimakon injin huda, ka kuma tabbata ya zauna a miƙe ba murɗe ba, in ba haka ba dunƙulen zai riƙa zana da'ira maimakon ya tafi a layi ɗaya. Maratayin kansa kada ya zauna a kan farantin agogo ko a bayan akwatin katako kawai. A yi shi da ƙarfe mai kauri a ɗaure shi da bango na bulo mai ciko, nesa da injin gurza da janareta. Nauyin ja kuma kada ka yanke shi tun farko. Ka rataya gwangwani a kan fulin, ka riƙa zuba guntayen ƙarfe har agogon ya fara tafiya da kansa, ka ƙara kimanin rabin abin da ka zuba, ka auna jimlar, sannan ka zuba dalma daidai da ita a cikin bututun tagulla. A irin wannan agogo na kwana takwas yawanci abin yakan tsaya tsakanin kilo 4 zuwa 6, kuma idan ka ga yana neman 10, akwai inda ya ɗaure, ka koma ka bi shaf ɗaya bayan ɗaya. Da ya fara tafiya, ka kasa kunne: idan bugun yana fita kamar tafiyar mai ɗingishi, ɗaya gajere ɗaya dogo, sai ka ɗan karkata sandar da ke haɗa ƙugiya da lilo zuwa gefe guda har tazarar bugun biyu ta zama ɗaya, sannan ka bar shi ya yi mako yana tafiya kana rubuta bambancinsa da agogon waya a lokaci ɗaya kowace safiya kafin ka taɓa notin.